Rijiyar da Auta Ya Yi Fushi da Ita

Akwai wani mutum a wani ƙauye na kan tudu, inda ruwa yake da nisa, ƙasa kuma take da taurin kai. Auta ake ce masa, don shi ne na ƙarshe a ɗakinsu. Yana da wa guda ɗaya, sunansa Nomau. Ubansu bai bar musu shanu ba, bai bar musu manyan riguna ba, amma ya bar musu abin da ya fi waɗannan daraja a irin wannan wuri: rijiya biyu, kowa da tasa a ƙofar gidansa. Shekara shida tsohon ya yi yana gwada ƙasa kafin ya same su. Duk inda ya haƙa sai dagi ya ci karo da dutse, ya bari ya koma wani wuri, har ya dace da waɗannan biyun. Bayansu babu ta uku, kuma kowa a ƙauyen ya san haka.

Ta Auta ce ta fi daɗi. Ruwanta garau, ga sanyi kamar ya kwana a randa. Shekara arba'in ana jan ta, ba wanda ya taɓa ganin ƙasanta. Auta kuwa ya ɗauki abin kamar shi ya halicci ruwan. In baƙo ya sha ya yaba, sai ya shafa ɗan gemunsa ya ce, "Ai tamu ba ta san rani ba." Da ita matarsa Larai take girki, ita 'ya'yansa suke sha, da ita yake ban ruwan ɗan lambunsa na albasa da barkono. Ran gidan nan gaba ɗaya a cikin ramin nan yake.

Sai aka yi damina biyu a jere, sama ta yi rowa. Hadari ya taso ya yi baƙi, a kwashe shanya, a shigar da awaki, sai iska ta zo ta tafi da shi wani gari. Ruwan rijiya ya fara ja da baya. Aka ƙara igiya, aka sake ƙarawa, har aka kwance ta ɗaurin jaki aka haɗa. Guga ya koma fitowa rabi, daga rabi ya koma fitowa da laka. Ran nan da safe Larai ta zura shi, sai ta ji ya bugi ƙasa, ƙwal. Ta jawo shi a bushe kamar yadda ta zura shi.

To, akwai abin da kowane mai rijiya a ƙasar nan ya sani tun yana yaro. Ranar da rijiya ta ƙafe, ranar ce lokacin yasa ya yi. Mutum zai ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, ya kwashe yashin da ya taru shekara da shekaru, ya fitar da gugan da suka tsinke suka faɗa, ya ƙara mata zurfi, ya buɗe idon da ruwa yake ɓuɓɓugowa ta cikinsa. Ba a wannan aiki rijiya na cike. Sai ta bushe ake samun hanyar zuwa ƙasanta, kuma ba kullum take bushewa ba.

Auta ya san wannan, kuma a yi masa adalci, da farko ya yi. Ya sauka da dagi da kwando, Larai tana sama tana ja. Kwana bakwai yana dukan ƙasa. Hannuwansa suka yi bororo suka fashe. Kowace safiya yakan danna tafin hannunsa a ƙasa ko zai ji danshi, ba ya jin komai sai zafi. A rana ta takwas ya fito tun hantsi bai yi ba, ya kwance igiyar daga ƙugunsa ya yi jifa da ita, ya tsaya a bakin rijiyar yana huci.

"Da me na rage ki?" in ji shi. "Faɗa mini! Wa ya gina miki baki da damina ta zubar da shi? Wa ya kewaye ki da ƙaya don kada awaki su ɓata ki? Akwai baƙon da ya taɓa zuwa da ƙishirwa na hana shi? Mutane nawa ne a garin nan ba su san darajar rijiya ba, ni da na sani, ni za ki yi wa haka?"

Sai muryarsa ta dawo masa daga ƙasan rijiyar. Wannan ya ƙara tunzura shi. Ya tara yawu ya tofa a ciki, ya ɗauki gugan ya cilla, ya ce, "Ga kayanki nan, riƙe."

Daga ranar Auta ya shiga gaba da rijiya. Babban mutum, mai mata da 'ya'ya, wai yana gaba da rami! Ya ɗauke tabarmarsa daga ƙofar gida ya kai gindin tsamiya, ya zauna ya ba ta baya. In zai fita gona, sai ya zagaya ta bayan danga don kada ya wuce ta gabanta. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji ƙarar rijiya: yadda ya yi mata hidima, yadda ta ci amanarsa. Da farko mutane suna cewa, "Wayyo, sai haƙuri." Daga baya in sun hango shi sai su canza hanya, don kowa yana da tasa ƙishirwar.

Fushi dai ba ya cika tulu. Larai ce ta koma kora jaki zuwa busasshen kogi, tafiyar rabin yini, inda mata suke tonon yashi su jira ruwa ya tsattsafo su kwalfa da ƙoƙo. Ta tafi da sassafe, ta dawo da la'asar da tulu biyu. A cikin tulu biyun nan za a sha, a yi tuwo, a ba awaki. Lambu kuwa tuni ya ƙone.

Wata rana Auta yana wucewa ta ƙofar gidan wansa, sai ya ji ana faɗa a ƙarƙashin ƙasa. Ya tsaya ya leƙa. Can ƙasa ya hango Nomau, tuɓe, jikinsa fari fat da ƙasa, yana saran gindin rijiyarsa. Nomau ya manyanta, matarsa ta rasu, ba shi da mai ja masa kwando. In ya cika shi sai ya hau da ƙafa ta 'yan ramukan da aka sassara a bango, ya ja, ya zubar, ya sake sauka. Yana sara yana magana, kowane sara da kalmarsa.

"Ina kika kai shi? Ina kika ɓoye shi? Ba ki ganin halin da nake ciki ne? Ko sai na mutu a cikinki za ki huta?"

"Yaya," in ji Auta, "da wa kake faɗa?"

Nomau ya ɗaga kai. "Da wa zan yi? Da wannan marar tausayin."

"To ka fito mana. Wata uku kana dukan ƙasa, ko danshi ba ka gani ba."

"Ban gani ba."

"To me ya zaunar da kai a ciki?"

"In fito in je ina? Akwai ta uku ne?" Nomau ya jingina da dagin yana mayar da numfashi. "Kai kana tsammani ni ba na fushi? Fushinka ɗan yaye ne a kan nawa. Jiya tunkiyata ta biyu ta mutu ina kallo. Amma ni a nan nake yin fushina, da dagi a hannu. In na yi mata faɗa ta ji, kuma kwando ɗaya ya fita. Kai da kake yin naka a gindin tsamiya, wa yake jin ka? Tururuwa? Zo ka ja mini yau, gobe in ja maka."

Auta ya yi tsaki. "Ni na gama bautar rami. Kai da ba ka da zuciya sai ka ci gaba."

"Allah ya shirye ka," in ji Nomau, ya koma kan saransa da mitarsa.

Maganar ta tsaya wa Auta a rai, amma ba ta gyara shi ba. Haushi ma ta ƙara masa. Da wansa ya ce masa shi ba ya jin komai, da ya samu abin faɗa, ya ce ai dutse ne ba mutum ba. Amma a ce mutum yana fushi kamar nasa, har ya fi nasa, kuma bai fito ba? Wannan ya hana shi sakat, sai ya riƙa gaya wa mutane cewa rana ta taɓa kan Nomau.

Ana nan, ran nan da la'asar Larai ta dawo daga kogi, jaki yana tafe yana tangaɗi. Dama ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, ga nisa, ga kaya, ga shi ruwan da yake ɗaukowa ba ya samun rabon kirki a ciki. Da isowarsa ƙofar gida sai ya durƙusa, ya kife. Tulunan nan biyu suka fashe, ƙasa ta shanye ruwan kafin a ce me. Jakin ya yi shuri sau biyu, shi ke nan. Larai ta zauna daɓas a wurin ta ɗora hannu a ka. Ba ta ma san wanne za ta yi wa kuka ba, jakin ko ruwan.

Auta ya taso daga gindin tsamiya ya tsaya a kansu. Ya dubi jakin, ya dubi ƙasar da ta jiƙe, ya juya ya dubi rijiyar da ya yi wata huɗu bai kalla ba. Idonsa ya rufe. Ya ɗauko igiya ya ɗaure ƙafafun jakin na baya, ya fara ja.

Da Larai ta ga inda ya nufa sai ta zabura ta riƙe masa riga. "Maigida, don girman Allah! Ka kai shi daji ungulaye su ci. A nan fa 'ya'yanka za su sha!"

"Su sha me? Yashi?"

"Ba ta mutu ba, maigida, ƙafewa ta yi. Ruwa zai dawo."

"Sakar mini riga! Ita ta kashe shi, ita za ta ci shi."

Ya fizge, har ta faɗi. Ya ja mushen nan zuwa bakin rijiyar da ubansa ya yi shekara shida yana nema, ya sa ƙafa ya tura shi. Aka ji tim daga can ƙasa. Ya kaɗe hannuwansa, ya ji wani sanyi a ransa, irin sanyin da mutum yake ji in ya rama. Sanyin bai kai faɗuwar rana ba.

Kafin rana ta faɗi Nomau ya iso, don Larai ta je ta gaya masa. Bai yi sallama ba. "Auta, tashi. Ka sauka yanzu ka ɗaure shi, ni da Larai mu ja. Yanzun nan, tun bai kumbura ba."

A cikin ransa Auta ya san wansa ya yi gaskiya. Da su biyu ne kaɗai, wataƙila da ya tashi. Amma maƙwabta sun fito suna kallo, ga matarsa a tsaye, kuma girman kai ya fi jaki nauyi. Ya ce, "Rijiyarka ce?"

"Ta ubanmu ce."

"Ya ba ni. Ka je ka ji da taka."

Nomau ya dube shi. Sa'an nan ya ce, "Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho," ya juya ya tafi.

A rana ta uku wari ya tashi, har tuwo ba ya ciyuwa a gidan. Maimakon Auta ya sauka ko a lokacin, sai ya nemi abin da zai rufe warin. Ya kwashi tokar murhu ya zuba. Bai isa ba, ya ƙara da shara, da kashin awaki, da fasassun tulunan, da tsummoki. Kuma in mutum ya mai da nasa juji, maƙwabta ba sa jiran gayyata. Wannan ta zo da tokarta, wancan ya zo da mataccen zakaransa. Auta yana gani bai hana ba. Wari ya kwanta, sai ya ce ai magana ta ƙare.

Larai kuwa ta koma ɗaukar ruwa a ka. Tafiyar rabin yini, tulu ɗaya. Gammo ya cinye mata gashin tsakiyar ka, wuyanta ya sage, ba ta iya waiwaye sai ta juyo da jikinta duka. Ta daina yi masa magana, ban da ta ajiye tuwo ta ce, "Ga shi."

Sai damina ta uku ta zo, ta zo da gaske. Aka yi ruwa kwana da kwanaki, ƙasa ta sha ta ƙoshi, kwaɗi suka dawo, yara suka fita suna tsalle a cikin taɓo. Rijiyar Nomau, wadda ya ƙara wa zurfin gaba biyu ya kuma buɗe mata ido, ta kawo ruwa irin wanda ba ta taɓa kawowa ba tun ubansu yana da rai. Nomau ya sha, ya wanke fuska, ya zauna a bakinta yana hawaye, yana cewa, "Kin wahalar da ni, amma na gode."

Ga inda takaicin yake. Ruwa bai tsallake rijiyar Auta ba. Bai ce wannan ya tofa mini yawu, ba zan je gidansa ba. Ya zo, har ya fi na Nomau hawowa. Wata safiya Auta ya hango wani abu yana ƙyalli a cikinta, ya matso, ya ga ruwa. Ya manta da gaba, ya manta da komai, ya yi ihu, "Larai! Ta kawo! Ta kawo!" Ya nemi guga, sai ya tuna inda gugansa yake. Ya ruga ya aro na maƙwabci, ya zura, ya jawo shi cike fal.

Baƙi ƙirin ya fito, da kumfa kore a kansa, da gashin jaki yana yawo. Warin da aka binne wata da watanni ya taso gaba ɗaya ya buge shi a fuska. Ya ajiye gugan a ƙasa. Kaza ta zo ta leƙa, ta juya ta tafi abinta. Ya ce to ko lambu ya sha, ya zuba wa 'yan barkonon da ya sake dasawa. Kafin kwana biyu ruwan toka ya ƙone su.

Ya ce zai kwashe ta. Ya zubar da girman kan da ya rage masa, ya bi gida gida ya roƙi gayya. Maza takwas suka zo da guga huɗu, suka yi ta ja suna zubarwa tun daga hantsi har la'asar, suna toshe hanci. Da suka auna, ruwan bai sauka ko taƙi ɗaya ba. Idon rijiyar nan mai ƙarfi, wanda Auta yake taƙama da shi a gaban baƙi, shi ne yanzu ya hana a kai ga ƙasanta. Suna kwasa tana kawowa.

Ya ce to zai nutsa ya ɗauro mushen. Aka hana shi, ya ƙi. Ya ɗaura igiya a ƙugu, Nomau da maza biyu suka riƙe, ya fara sauka. Bai kai ga taɓa ruwan ba mugunyar iskar da ta taru a ciki ta shaƙe shi, hannuwansa suka saki, ya yi lilo. Da ƙyar aka jawo shi. Aka shimfiɗe shi a ƙasa ana yi masa fifita, ya farfaɗo yana amai.

Da ya iya magana sai ya kama ƙafar wansa. "Yaya, yaya zan yi?"

Nomau bai tausasa murya ba, don shi ma ransa a ɓace yake. "Babu yadda za ka yi. Ba a yasa a cikin ruwa, ka sani, na sani. Wata takwas tana bushe tana jiran ka. Sai ta sake ƙafewa."

"Yaushe?"

"Allah ne ya sani. Wataƙila baɗi. Wataƙila sai jikokinka."

Shekarar nan aka yi albarka a ƙauyen, rumbuna suka cika, kowa yana murna da ruwa sai mutum ɗaya. Auta ya ɗauko tabarmarsa daga gindin tsamiya ya dawo da ita bakin rijiya. In hadari ya haɗu, mutane su ce madalla, shi kuwa gabansa ya faɗi. Mutumin da ya zagi rani ya koma roƙon rani. Kullum da safe Larai takan fito da tulu ta wuce shi, ta wuce rijiyarsu cike maƙil, ta tafi ta Nomau. Ran nan ya ɗaga kai zai yi mata magana, sai ta tsaya, ta juyo da jikinta duka, ta ce, "Ga ruwan da kake faɗa a kansa ya zo. Sha mana."

To, 'yan'uwa, ma'anar wannan misali ga ta, ba tare da kwana-kwana ba.

Rijiyar nan zuciyarka ce, inda kake saduwa da Allah. Ruwan kuwa daɗin nan ne da kake ji in ka durƙusa, ka san ana jin ka. Akwai lokacin da ruwan yake janyewa. Ka yi addu'a, ta tsaya a rufin ɗaki. Ka buɗe Maganar Allah, ka ga baƙaƙe kawai. Na kusa da kai yana waƙa yana hawaye, kai kuwa bakinka ne yake motsi, zuciyarka tana can kasuwa. Wannan yana samun mai bi na gaskiya. Yana samun dattawan ikilisiya, yana samun mai wa'azi, ko da ba ya faɗa. Masu gaya wa irin wannan mutum cewa lalle wani zunubi ya ɓoye, su ji tsoron Allah su yi shiru. Rijiyar Nomau ma ta ƙafe, kuma bai yi mata komai ba.

Kada kuma wani ya tashi daga nan ya ce an hana fushi. Nomau ya fi Auta fushi. Bayin Allah na dā sun yi masa kuka da babbar murya, sun tambaye shi ina ya shiga, har yaushe, kuma bai kore su ba. Allah ba ya tsoron muryarka. Amma Nomau a ciki ya yi fushinsa, yana aiki, yana magana da wadda yake fushi da ita. Auta ya kwashi nasa ya kai gindin tsamiya yana raba wa masu wucewa. Mu nawa ne a nan muka gaya wa kowa a unguwa cewa Allah ya yashe mu, amma wata uku ke nan ba mu gaya wa shi Allah ba?

Abin da yake ƙona rai shi ne yadda muke mai da ƙafewa izinin yin ɓarna. Ba na jin komai, in ji mutum, don haka ba na zuwa sujada. Daga nan kuma, tun da bai amsa mini ba, bari in leƙa wurin boka. Tun da bai ba ni ba, bari in ɗauki na wani. Wani ya koma gidan giya da ya bari shekara goma. Wata ta zauna a gaban 'ya'yanta tana cewa addu'a aikin banza ce, yaran suna ji suna haddacewa. Kana yi kana jin sanyi a ranka, wai ka rama wa Allah. Wa ka cuta? A rijiyar wa ka jefa? Kuma ba kai kaɗai za ka ɗauki nauyin ba. Kowane Auta yana da Larai, wadda wuyanta yake biyan fushinsa.

Ka sani, ruwa zai dawo. Allah mai aminci ne, ba ya gaba kamar mu. Wata rana ba zato, a tsakiyar waƙa ko a bakin kabarin wani, za ka ji ya taɓa ka kamar dā. Tambayar ita ce, me zai tarar? Mutane da yawa sun zo da kuka, ba don Allah bai dawo ba, sai don ya dawo ya tarar da wata mace a gefe, da rantsuwar da aka yi a ɗakin boka, da 'ya'yan da suka riga suka koyi raina sunansa. Lokacin da aka ba su don su sauka su ga abin da ya taru a ƙasan zuciyarsu, su fitar da girman kai da tsohuwar ƙiyayya, su ƙara zurfi, a lokacin ne suka ƙara shara. Mai jin daɗin addu'a kullum ba ya ganin ƙasan zuciyarsa. Sai ta bushe ake gani.

A wuri ɗaya ne misalin nan ya gaza, kuma godiya ga Allah da ya gaza. Auta ba shi da mai shigar masa. Mu muna da shi. Ubangiji Yesu ya sauka inda iska take kashe mutum, bai toshe hanci ba. Wanda ya riga ya jefa mushe, kada ya zauna yana jiran wani rani, kada kuma ya ƙara toka don ya rufe wari. Ya zo yau ya faɗi abin da ya jefa, da sunansa, za a gafarta masa. Amma kada mu ruɗi kanmu: gafara tana wanke rijiya, ba ta mayar wa Larai da shekarar da ta yi tana ɗaukar tulu, kuma abin da yaro ya ji daga bakin uwarsa yakan daɗe bai fita ba.

Saboda haka, kai da rijiyarka take bushe yau, gobe da safe ka sauka. Ka durƙusa ko ba ka ji komai ba. Ka karanta layi biyu ko ba su yi maka daɗi ba. Ranar Lahadi ka zo ka zauna a wurinka, ko da fuska a murtuke, mun yarda. In ba ka da abin faɗa masa sai faɗa, ka yi masa faɗan, kana durƙushe. Ka nemi ɗan'uwa ya ja maka kwando.

Akwai kuma wanda yake zaune a cikinmu yanzu, ya riga ya ɗaure ƙafafun jakin, yana ja, saura taku kaɗan ya kai baki. Ba wanda ya sani sai shi, wataƙila da wata da take riƙe masa riga. Ɗan'uwa, a nan 'ya'yanka za su sha. Saki igiyar.